Hular Malamin Elementare

A kasuwar Ƙafin Maiyaki, wani dattijo mai alli a yatsu yana durƙushe, yana koya wa ƙananan yara zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Ina zaton malamin elementare ne, an turo shi farautar ɗalibai. Ban yarda da fara'arsa ba. Da irin wannan murmushi aka raba ni da gida ina ƙarami, aka kai ni boko.

Mai fura ma ta tsargu. Ta fizge hannun ɗanta daga cikin yaran: "Malam, nemi na wani! Shi kaɗai gare ni, ba zai yi boko ba."

"Allah ya raya miki shi, 'yata," in ji shi.

Ga jakuna suna tahowa. Sai ya cire hularsa, ya kifa ta a kan karkataccen baƙin da yaron ya zana.