Buɗaɗɗiyar Ƙofa Ba Amsa Ba Ce

Kullum kafin mu karɓi aikin safe, Baban Firji ya riga ya sauka ɗakin manyan kwamfutocin asibitinmu, sanye da rigar sanyinsa mai tsagaggen hannu. Sanyin ɗakin ne ya ja masa sunan. Zai tsaya ya saurari kukan fankoki, ya shafa wayoyi, sannan ya zauna gaban allo ya gaida na'urori ɗaya bayan ɗaya. Mu nas-nas ba ma tuna yana duniya sai abu ya lalace, a sannan kuma ba gaisuwa muke kai masa ba.

Ranar da na san aikinsa, ranar baƙin ciki ce. An kawo wata mata tana zubar da jini bayan haihuwa. Ɗakin gwaji suka ce sun tura sakamakon jininta, allonmu kuwa sai juyawa yake yi, yana cewa a jira. Kafin a sauka a karɓo da hannu, rai ya yi halinsa. Na sauka wurin Baba da zafina, na wanke shi tas. Idonsa dai ya kaɗa ya yi ja.

Da ya gano matsalar, shi ya hauro ya same ni. Ya ce a cikin kwamfuta akwai uwar manhajoji, wadda komai sai ta hannunta. Tana da ɗan aike, wata ƙaramar manhaja da ba a ganinta, mai tantance wanda ya isa ya buɗe bayanan majiyyaci. Uwar ba ta tambayar ɗan aiken ko yana nan. Akwai wata ƙofa tsakaninsu da yake riƙewa a buɗe muddin yana raye, ita kawai take dubawa. Idan ya mutu ƙofar ta rufe, sai uwar ta yi shela a nemi wata hanya. To ranar nan ɗan aiken ya mutu, amma kafin nan ya haifi wata 'yar manhaja da ta gaji riƙon ƙofar ba ta san amfaninta ba. Uwar ta ga ƙofa a buɗe, ta yi ta miƙa wa gawa saƙo.

"'Yata," in ji shi, "ƙofa ba ta magana. Daga yau sai an yi sallama an ji amsa."

Haka ya yi. Ya hana gadon ƙofar, ya kuma sa ana kiran ɗan aiken a kai a kai, in bai amsa ba a ɗauke shi matacce a tayar da wani. Masu gwaji shaida ne, tun daga nan sakamako bai sake maƙalewa a hanya ba. Matar dai ta tafi, kuma Baba bai taɓa yarda a ce masa ba laifinsa ba ne.

Baba, kai ne ɗan aiken da ba a gani. Kai ne mai amsawa ko an kira ka da zagi.

Bana ya yi ritaya, aka sallame shi da lemo da tafi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Kwanan baya na biya in gaishe shi da hantsi, mai shagon ƙasan benensu ya ce ai yana nan lafiya lau, tun jiya ƙofarsa a buɗe take. Na hau, na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Na same shi kwance tsakanin gado da bango, ɓarin jikinsa ya shanye, takalminsa ya tokare ƙofar.

Yana raye. Bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar, amma da ya gane ni a gadon asibiti sai da ya tsokane ni: "Kin jira amsa?"

Na jira, Baba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da muka kasa. Ku kuma masu karatu, kowa yana da tsohon da yake wucewa ta ƙofarsa ya ce ai yana nan. Ku tsaya ku yi sallama, kada ku gusa sai kun ji muryarsa.