Baffa Sale da Baƙi Ɗaya na Japananci

Duk wanda ya zauna da Baffa Sale a unguwar Dogo Tebo ta Potiskum ya san bai taɓa furta "ban sani ba". Ko yadda jirgin sama yake tashi ka tambaye shi, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ban kai wurin ba tukuna." Yayan mahaifina ne, shekara arba'in yana fataucin shanu, kuma taurin kansa ni ne na fi kowa shan wahalarsa, domin ni ke riƙe masa waya.

Ɗansa Buba ya tafi karatu Japan, ya yi aure a can, aka haifi 'ya aka sa mata sunan mahaifiyar Baffa. Shi ya sa Baffa ba ya kama sunanta, sai dai Dada, wato uwa da Fulatanci. Tana da shekara shida, wata safiya aka haɗa su a waya suna ganin juna. Ya gaishe ta da Hausa, shiru. Ya juya Fulatanci, shiru. Ya gwada Barbarci, ya ƙara da ɗan Ngizimancinsa na ciniki. Yarinya ta zuba masa ido, can ta ɓuya bayan uwarta.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce, "Yare huɗu, uwata ba ta jin ko ɗaya! Buba, turo mini baƙin farko na yarensu. Ni zan bi ta."

Buba ya turo hoton wanda ya fi sauƙi. Zane biyu ne kacal, ɗaya ya gangaro hagu, ɗayan ya tokare shi ya gangara dama. Ma'anarsa mutum. Na kawo wa Baffa biro da takarda, ya ture. "Karatu a takarda? Ɗauko mini allona." Ya fiƙe alƙalamin kara, ya dama tawada, ya zauna a zaure ya rubuta.

To, kun san ƙa'idar allo: ba a wankewa a ƙara gaba sai malami ya ce ya yi. A duk Potiskum wa zai ce ya yi? Ya kai wa liman. Liman ya juya allon sama, ya juya ƙasa, ya ce, "Malam Sale, wannan ai sawun kaza ne."

"Ashe kai ma ba ka kai wurin ba tukuna," in ji Baffa, ya karɓe allonsa.

Buba ya ce masa, "Baba, wallahi ya yi, mu wuce na biyu."

"Kai wa? Kai ma baƙo ne a can. Sai 'yar ƙasa ta faɗa."

Kafin nan ya mai da baƙin shaidarsa ta kasuwa. Ran Laraba, in za a loda shanu zuwa kudu, kowa da alamar da yake shafa wa nasa da fenti. Baffa ya yar da tsohuwar tasa, ya koma zana wannan. Wani dillali ɗan unguwar Yerimaram ya tambayi ma'anarta, aka gaya masa, ya riƙe baki.

"Haba Baffa! Ka rubuta mutum a jikin bijimi?"

"Wannan bijimin tun safe yake tsaye bai cuci kowa ba. Kai fa?"

Ranar da ya fara ɗaga wa Dada allon, ta fito daga bayan uwarta, ta matso har hancinta ya cika wayar. Sai ta girgiza kai. Ta ce ƙafar dama ta yi tsawo, Buba yana fassarawa. Mako na gaba ta ce ta yi gajarta. Na uku ta ce kamar mutumin zai faɗi. Yarinyar nan ba ta da sassauci ko kaɗan, Baffa kuwa daɗi kamar ya kashe shi.

"Ka ga malama! Haka uwata take, ba ta yabon abin da bai yi ba."

Wata bakwai ana haka, duk Asabar da hantsi. Na fara zargin da gangan yake karkatar da ƙafar don kada kiran ya ƙare. Na faɗa masa, ya ce in fita masa daga zaure.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa na tallafe shi ya rubuta. Wallahi wannan ya fi duk na baya muni. Na ɗaga allon gaban waya ina jin kunya. Dada ta duba allon, ta duba fuskarsa, ta daɗe. Sai ta buɗe baki da Hausar da ta yi mako tana koya wajen ubanta, ta ce, "Kaka, ya yi. Wanke."

Hawaye suka bi gemun Baffa. Na miƙa hannu zan ɗauki buta, ya riƙe ni.

"Wanda Dada ta ce ya yi? Taɓa ka gani. Samo mini sabon allo."

Na sayo ran Litinin, ran Alhamis ya cika, bai sa masa alƙalami ba.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Allah ya raya Dada, ya kawo ta garin nan ta ga inda kakanta ya zauna yana koyon yadda zai yi mata magana. Amin.