Dodon da Aka Naɗa wa Rawani

Har gobe ba zan manta da ranar da aka janye ni daga zauren nuni a Lyon ta Faransa ba. Farkon shekarun 2010 ne, ina aikin jagorar baƙi a wani ƙaramin gidan tarihi, a kan kwantaragin wucin gadi. Aikinmu mu zaga da mutane muna yi musu bayani, amma bisa abin da shugabar sashe ta tsara.

Lokacin ana nuna bangon tsofaffin mujallun Faransa na labaran tafiya duniyar taurari. Akwai wani zane: sama ta yi ja wur, kumbo ya kife cikin rairayi, wani dogon dodo mai koriyar fata ya saɓi Baturiya a sume. An koya mana mu ce jan saman tsoron yaƙin nukiliya ne, kumbon buri ne da ya rushe, dodon kuwa "abin da ɗan Adam bai sani ba".

Wata Asabar wani dattijo, Alhaji Mamman daga Tawa, ya zo tare da ɗansa mai aikin masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon. Da ya ji ni Bahaushiya ce, muka gaisa. Ya daɗe a gaban zanen, sannan ya nuna kan dodon ya ce, "Ɗiyata, wannan ba rawanin Abzinawa ba ne, har da amawali? Ga takobi, ga laya a wuya. Haka maƙwabcina ke shiga. Shi ne abin da ba a sani ba?"

Na fassara wa sauran baƙin maganarsa, na ƙara da cewa mai zanen ya tashi zana abin tsoro, sai ya ari kayan mutanen da ƙasarsa ke mulka a lokacin.

Wani baƙo ya kai ƙara. Ran Litinin shugabar ta kira ni biro, wato ofishinta.

"Hadiza, bayanin fasaha aka ɗauke ki yi, ba siyasa ba."

Na ce, "Madam, tsoron bam ɗin fa? Shi ba siyasa ba ne?"

Ta ce wannan masana ne suka rubuta. Aka mayar da ni wurin karɓar rigunan sanyin baƙi har kwantaragina ya ƙare, ba a sabunta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, abokan aikina duk sun ce ina da gaskiya, amma a ɗakin shan kofi. A gaban shugabar ko tari babu wanda ya yi.

Ku da kuka shigo aikin jagorar baƙi yanzu, ku sani: a sana'ar nan kowa zai yaba muku in kun iya karanta launi da inuwa. Ranar da kuka faɗi ko wa aka zana, ku kaɗai za ku tsaya.