Turken Goɗiyar Baba

Babana yana da goɗiya guda, ja mai farin goshi, da wani ɗan kwari a bayan Gure inda yake kiwonta. Kwarin ba wani girma gare shi ba: rijiya ɗaya, dabino kaɗan, sai ciyawa, ga tudun yashi tsaye ta gabas. Kullum da hantsi Baba yakan cire turken, ya matsa da shi tsawon igiya guda, ya sake kafawa. Haka yake zagaya kwarin da ita, kafin ta dawo inda ta faro ciyawar ta sake tohowa. Amma gangaren tudun, inda ciyawar komayya ta fi ko'ina cika, bai taɓa kafa turke a can ba.

Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na fara koyarwa, ina ganin kaina ya waye. Na ce masa, "Baba, ga abinci can yana bushewa a banza, ka bar ta tana lasar ƙasa."

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, waccan ciyawar ba ta doki ba ce, ta tudu ce."

A raina dariya na yi.

Daminar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka kai shi Damagaram magani, ni aka bar wa goɗiyar tunda muna hutu. Washegari na kai turken gangaren. Wata biyu tana can, ta yi ƙiba, gashinta sai sheƙi. Ta cinye komayyar ƙarƙaf, kofatonta ya tone saiwoyin. Ni ko sai jin daɗi nake, ina jiran yabo.

Da Baba ya dawo, ya dogara sanda har kwarin. Ya daɗe yana kallon gangaren, fari fat ba ko tsinke. Sannan ya ce, "Ta ƙoshi dai ko?"

Na ce, "Ta ƙoshi, Baba."

Ya ce, "To, madalla."

Ashe saiwar ce take riƙe da yashin. Da rani ya shigo tudun ya fara gangarowa. Muka kafa shingen ƙaya, ya haye shi. Shekara ta biyu ya binne rabin ciyawar, ta uku rijiyar ta cike. Dole Baba ya kai goɗiyar wurin ƙanensa a Bune. A kanta ya tafi, a bayan mota ya dawo, riƙe da turken.

Har ya rasu bai sake tayar da zancen ba. Da ma ya zage ni ranar, da na fi samun sauƙi. Abin da ya fi cina shi ne, bayan tafiyarta ma, in hantsi ya yi sai ya miƙe ya saka takalmi, ya tsaya a bakin zaure, sannan ya koma ya zauna.

Ina kewarsa ƙwarai. Turken yana ɗakina a bayan ƙofa. Ba ni da doki, ba ni kuma da inda zan kafa shi.