Ƙwayoyin da Yaya Sulochana ba ta sha ba

Ranar Talata, 9 ga Satumba, ina tsaye da tabarmata a ƙofar lambun unguwa aka ce mini kin rasu, Yaya Sulochana. Wai jini ne ya hau ya buge ki, ke da kika shekara ashirin kina saukar mana da namu. Ban yarda ba sai da na ga an cinna wa itacen ƙona gawarki wuta a bakin kogi.

Ni dama ba na saurin yarda. Shekara talatin ina kwandastan bas a nan Solapur ta Indiya, kowane tikiti sai na duba bayansa. Da matata ta jawo ni lambun da kike koyar da yoga, motsa jiki da numfashi, na ɗauka damfara ce. Kika ce jiki yana da jijiyoyin da ke tayar da hankali da waɗanda ke kwantar da shi, kuma fitar da numfashi a hankali shi ke farkar da na biyun. Na ce an yi wa na'urar awon jininki coge. Ba ki yi fushi ba, kika ce in zo da tawa. Na zo da ita, ta kunyata ni. Barcina ya dawo, ciwon kai ya sake ni, kullum kuma kina ja mana kunne kada kowa ya bar maganin likita.

To, a watan Yuni na gan ki kina haɗiyar ƙwaya da shayi. Wannan bakin nawa ya ce, a gaban jama'a, "Ashe Yaya, mu numfashi, ke magani?" Aka kwashe da dariya. Kika murmusa, kika naɗe tabarmarki da wuri.

Jiya 'yarki Ketaki ta nuna mini gwangwanin da ta tarar a bayan buhun shinkafa, cike da maganinki na wata uku, ko ɗaya ba a ɓare ba. Maƙwabciyarku mai haɗa saiwoyi take zargi da hure miki kunne, har ta daina amsa gaisuwarta. Ketaki ta tambaye ni wa nake zargi, na ce ban sani ba. Ƙarya na yi.

Ketaki, ki ƙyale baiwar Allah nan. Wadda ta san gaskiya ta tafi, amma ni kaina nake zargi, abin yana cin raina.

Ubangiji ya yi miki rahama, Yaya, ya ba iyalinki haƙuri. Ketaki, zan zo addu'ar kwana goma sha uku. In kin rufe mini ƙofa, ban ga laifinki ba.

Bhalchandra Jagtap, Solapur