Bareyin Abba

Shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifina, Dokta Ilyasu. Har yau in ruwan hunturu ya sauka a Doha, bareyinsa ne ke fara faɗo mini a rai kafin shi.

Likitan dabbobi ne. Daga Azare ya zo ƙarin karatu, ya zarce da aiki a wani makeken fili da aka killace can gaba da Umm Salal, inda bareyi ke kiwo yadda suka ga dama. Sau biyu a shekara yake kama su ya auna nauyinsu, da kewayen ƙirji, da tsawon ƙafa, ya taɓa kitsen gindin wutsiya. Awon farko bayan ruwa ne, lokacin da kwaruruka suka yi tsanwa. Na biyu a tsakiyar zafi, sa'ad da ba abin ci sai busasshen ganyen ƙaya. A ɗan gidanmu na unguwar Mansura, zancen da muke cin tuwo da shi ke nan. Babbar barewa, in ji shi, tana ramewa ta murmure, amma wadda aka haifa a shekarar da ruwa ya ƙi, ko ta ƙoshi daga baya ba ta kamo sa'o'inta a tsawo.

Ba mugun uba ba ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma kowace Juma'a sai ya shigo mini da kunafa, kayan zaƙin nan na Larabawa. Amma shekarar da na yi taifot ina sakandare, na rame har siket yana zame mini, ya dawo daga fili ya dafa goshina, ya yi mini sannu, sannan ya juya wajen mahaifiyata.

"Akwai wata barewa mai 'ya'ya biyu," ya ce. "Ta zube ƙwarai. Ban ga alamar za ta kai lokacin ruwa ba."

Ina kwance ina jinsa. Ya san abin da barewar nan ta rasa a jikinta tun daga hunturu, ni kuwa da ido kawai ya ga tawa ramar. Na juya fuskata bango.

Watan jiya Dokta Nafisa ta gayyace ni filin. Ɗalibarsa ce a da, yanzu ita ke riƙe da aikin. Mace ce mai fara'a, ta rungume ni, ta kira ni ƙanwarta. Da ta ambace shi kuwa, "Baba" ta ce. Baba yana tsayawa nan. Baba ba ya yarda a bi su da mota. Baba ya yi kuka ranar da ta fi tsufa a garken ta mutu. Ni ban taɓa ganin hawayensa ba.

Na ga manyan rumfuna cike da ciyawa. Ta ce yanzu da zarar zafi ya kama, motoci ke kawo musu abinci, har awon rani da na bayan ruwa sun kusa zama ɗaya. Na tsaya ina tunanin abin da Abba zai ce. Zai ji daɗi iyaye mata ba sa faɗuwa kuma, wannan na tabbata. Amma shi mutum ne da ke girmama dabbar da ke neman na bakinta. Na buɗe baki zan faɗa, sai ta riga ni.

"Da Baba na nan, cewa zai yi mun mai da su awaki."

Daidai abin da ke bakina, har da yadda yake jan kalmar. Na yi murmushi don kada ta gane. Ko sanin abin da zai ce ma ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ma'aikata suka kawo wata 'yar barewa. Nafisa ta ɗaure mata idanu da ƙyalle, ta zagaya ƙirjinta da tef ɗin awo, tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Dabbar ta daina shure-shure.

"Wace waƙa ce wannan, Anti?"

"Ta Baba ce mana. Da Fulatanci. Ya ce kakarki ce ke yi masa ita yana ƙarami." Ta dube ni. "Ba ki san ta ba?"

Na ce ban sani ba. Ta sunkuyar da kai ga awonta. A hanyar dawowa na danne zuciyata na roƙe ta ta koya mini. Ta yi ta maimaitawa ina bi har muka shigo gari. Ita ma ba ta san ma'anar rabin kalmomin ba.

In na auna abin da ya rage na Abba, mafi yawansa yana hannun wasu. Garken yana nan ya ninku. Natsuwar hannunsa tana wajen Nafisa, da hawayensa, da barkwancin da yake yi a fili wanda bai taɓa kawowa gida ba. Ina yi masa addu'a kullum, Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, kuma ban daina jin haushin rabon ba. Waƙar kakata dai ta shigo gidana. Ina rera wa 'yata in ta ƙi barci, kuma duk sa'ad da wani wuri ya ɓace mini, Nafisa nake bugawa waya.