Kan albasar da na goge daga zanen Sa'idu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe Sa'idu mai zane a maƙabartar Azarori. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan sa a yi masa addu'a, in raba ɗan abin da ya sawwaƙa, mutane su ce Hamidu ya san abota. Bana addu'ar ba ta kwantar mini da rai ba. Na roƙi wannan fili a jarida domin in faɗi abin da na yi wa abokina bayan ƙasa ta rufe shi. A aji shida na bar lakwal, wato makarantar boko, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna.

Duk wanda ya zauna a tashar Madawa a wancan lokaci ya san shi. Siririn mutum ne mai ɗingishi, kullum yana gindin bishiyar bedi da allo bisa cinya. Yana saurayi amalanke ya kife da shi, ya yi wata uku kwance a asibitin mishan. Wata ma'aikaciya Kirista ta gan shi yana zane da gawayi a bayan kwali, sai ta kawo masa takarda da fensir masu launi. Ya fito da gurguwar ƙafa da sana'a.

Sana'ar kuwa ita ce zana motoci. Shofer zai ɗauki albasa ya nufi bakin teku, wata biyu ba a gan shi ba. Kafin ya tashi sai ya sa Sa'idu ya zana masa babbar motarsa, wato kamiyo, ya kai wa tsohuwarsa ko matarsa ta rataya a ɗaki. Sa'idu ba ya yi wa mota kwalliyar ƙarya. Idan ƙofa ta lotse zai zana lotsewar. Idan an ɗaure fitila da waya, wayar za ta fito. Daga taya yake farawa ya hau sama, ya sa lambar motar da rubutun da ke goshinta.

Abu ɗaya ne ba ya sawa, tambarin kamfanin da ya ƙera motar. A gurbinsa sai ya zana ɗan ƙaramin kan albasa. Na taɓa yi masa magana a kai.

Na ce, "Sa'idu, mi ya hana ka sa tambarin? Shi mutane ka so."

Ya ce, "Ni na ƙera ta? Tambari na waɗanda sunka ƙera ne. Mota ta mai ita ce. Ni hannu kaɗai gare ni, ga alamarshi nan."

"To don mi albasa?"

"Ita ka ciyad da ni da shofer duka. Kuma da kai take kama, Hamidu. Ga ƙaton ciki, ga sa mutane hawaye."

Yana da wata ƙa'ida kuma. Kowace mota zane biyu yake yi mata, na gwaji da na gaske. Na gaske ya ba mai mota, na gwaji ya rubuta sunan shofer a bayansa ya jefa cikin akwatin ƙarfe. Ba ya sayar wa kowa motar wani. Wani mai shayi ya taɓa naci sai an zana masa wata jar kamiyo ya manna a rumfarsa, Sa'idu ya ce masa ya tafi ya roƙi mai ita tukuna.

Da damina ya rasu, bayan jinyar kwana tara. Ɗakinsu yana yoyo, sai matarsa Hajara ta sa aka kawo akwatin shagona na fotokopi da ke bakin tasha. Ta ce, "Malam Hamidu, ga amana, har Balki ta girma." Balki ɗiyarsu ce, shekararta tara a lokacin. Daga baya Hajara ta koma gidansu a Allakaye da yarinyar.

Shekara guda ban taɓa akwatin ba. Ranar da na buɗe, na ce wa kaina kewa ce ta sa. Ina cikin dubawa wani mai injin buga takardu da ke zuwa daga Maraɗi ya shigo. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce in aka buga waɗannan a takardar mannawa, masu kabu-kabu za su yi rububinsu. Amma sai an cire lambar mota, kuma a sa tambarin kamfani, domin ba wanda zai manna albasa a babur ɗinsa.

Ban yi gardama ba. Na yi fotokopin zanen, na shafe kan albasar da farin ruwan gyara, na yanko tambari daga kwalin kayan gyaran mota na manna a wurin. A ƙasa na rubuta "Zanen Hamidu". Na asalin ban taɓa su ba, kuma da wannan na yi shekaru ina lallashin kaina. Ai ban ɓata komai ba, ai suna nan yadda ya bar su.

Abin ya karɓu. Daga Madawa har Buza da Keita, a bayan babura, a rumfunan masu shayi, a kalandar shaguna, ko'ina motocin Sa'idu ne da sunana a ƙasa. Mutane suka fara kirana mai zane. Ni da ko layi miƙaƙƙe ban iya ja ba, na amsa.

Mutum ɗaya ya tare ni. Alhaji Mamman, tsohon shofer mutumin Keita, ya shigo shagon wata rana da ɗaya daga cikin takardun mannawar a hannu, ya ɓamɓaro ta daga babur ɗin wani.

Ya ce, "Hamidu, wagga mota tawa ce. Ga lotsewar da raƙumi ya yi mata a hanyar Buza. Don tsohuwata na sa anka zana ta, ta rasu hoton na bisa kanta. Yau na gan shi bayan babur, laka na watsa mai."

Na ce, "Alhaji, ai motoci na kama da juna."

Ya dube ni ya ce, "Motoci na kama. Raƙumin ɗaya ne." Ya ajiye takardar bisa tebur ya fita. Ban daina ba. Na cire motarsa daga cikin waɗanda ake bugawa, na ci gaba da sauran.

Nakan tambayi kaina me Sa'idu zai ce da ya ga yau. Yanzu hoto ba ya zama wuri ɗaya. Mutum zai ɗauka da waya, kafin azahar ya isa Abijan. Samari suna zana mota a gilashin waya da ɗan yatsa, wasu ma na'ura suke gaya wa ta zana musu. Tambarin kamfanoni kuwa yana kan riguna da huluna, ba wanda ya tambayi kowa. Ina jin zai so wayar, don mutum ne mai son sabon abu. Amma na san tambayar farko da zai yi: mai motar ya sani?

Na taɓa tambayar wani ɗan'uwan matata da ya karanta shari'a, na ce labarin wani ne. Ya ce zane na wanda ya zana ne, in ya mutu haƙƙin ya koma ga magada. Tambari na kamfani ne, ba a manna shi a kayan sayarwa haka kawai. Mai mota kuma da ya sa aka yi masa don ɗakinsa, bai ce a kai kasuwa ba. Abin da mutumin nan ya tafi Yamai ya karanto, Sa'idu ya faɗa mini shi a gindin bedi yana yi mini ba'a. Haƙƙin mutum uku na haɗa a takarda ɗaya na ci.

Duk da haka da na yi shiru har kabarina, ba don Balki ba. Ta girma, shekararta ashirin, kuma hannun ubanta ta ɗauko. Ta dawo Madawa wajen gwaggonta, tana zana wa shoferori motocinsu a waya, daga taya take farawa, tana sa kan albasa kamar yadda uwarta ta gaya mata. Sai maganar ta tashi a tasha, wai yarinyar nan kwaikwayon Hamidu take yi. Wasu suka ce sata ce. Mai injin buga takardu ya ƙi karɓar aikinta, ya ce ba ya son rigima da ni. Shoferori biyu da suka ba ta aiki suka janye.

Sau biyu ta zo shagona. Na farko ta tambayi akwatin ubanta. Na ce gara ta shiga ta cinye abin da ke cikinsa tun tuni. Ta ce Allah ya jiƙan mai shi, ta tafi. Na biyu watan jiya ne. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, an ce zanenka nike sata. In haka ne ka yahe mini, ka ba ni izini in ci gaba. Ni ban san wani hannu ba sai wanga."

Akwatin yana ƙarƙashin teburin da nake zaune, ƙafata tana taɓa shi. Ɗiyar Sa'idu tana durƙushe tana roƙona izinin hannun ubanta. Na ce, "Tashi, ɗiyata, za mu yi magana." Ta tashi ta tafi.

Ranar kasuwa na ɗora akwatin a amalanke na kai shi gindin bedin nan. Na aika aka zo da Hajara daga Allakaye, na kira Balki da sarkin tasha, na sa aka nemo Alhaji Mamman, wanda yanzu da sanda yake tafiya. Na buɗe a gaban kowa. Takarda bayan takarda, kowace da kan albasarta, kowace da sunan shofer a baya da rubutun Sa'idu. Na ce ni ban taɓa zana komai ba, na faɗi yadda na goge da yadda na manna, da ƙaryar garar da na yi.

Sarkin tasha ya ce, "Dama mun yi mamaki. Mutumin da ko lambar waya in ya rubuta sai an nemo mai fassara." Aka yi dariya. Balki ba ta yi ba. Ta zaro zanen motar da raƙumi ya lotsa ta miƙa wa Alhaji Mamman. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar mata ya ce, "Riƙe, na ubanki ne. Amma kada a buga." Ta ce ba za a buga ba. Hajara kuwa da na matsa kusa da ita, abin da ta ce kawai shi ne, "Akwatin dai ya dawo."

Na kankare sunana daga allon shago, na daina bugawa. Amma waɗanda suka fita sun fita. Suna cikin wayoyi, wasu ma sun goge sunana sun sa nasu. Ba ni da hanyar kiran su su dawo. Roƙona ga mai karatu shi ne, in ka ga mota da "Zanen Hamidu" a ƙasanta, ka san ta Sa'idu ce mutumin Azarori. In da biro a hannunka, ka soke sunana ka zana ɗan kan albasa a wurin.

Sa'idu bai bar gona ba, bai bar gida mai kwano ba. Sunansa ma, ni da ya kira aboki na yi shekara goma ina shafewa. Na ɗauka abin da ya rage daga gare shi yana cikin akwatin nan da na danne da ƙafa. Jiya na ratsa ta tasha, na ga Balki zaune inda yake zama, wani shofer tsaye a kanta yana cewa ta sa masa tambarin motar. Ta ce masa, "Ni na ƙera ta?"

Na yi sallama. Ta amsa, ba ta ɗago kai ba. Har yau ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban ga fuskar da zan tambaya da ita ba. Allah ya jiƙan Sa'idu, ya ba ni abin da zan ce masa ranar da muka haɗu.